Wai Katun Kayan Yara Ne? To Ku Zo Mu Yi Ta



Akwai maganar da muka gaji da ji. Da zarar ka ce wa marubuci ya kalli katun ɗin Japan, wato anime, ko wani tsohon fim baƙi da fari, sai ya taɓe baki ya ce kayan yara ne, ko kuma yayinsa ya wuce. Amma ka buɗe littafin mai wannan maganar, sai ka kai shafi na 30 ana ta lissafa motocin Alhaji da leshin Hajiya da kulolin da aka jere a falo, labari bai ko tashi daga barci ba. Mu ma mun yi irin wannan rubutun, shi ya sa abin ke mana ciwo.

Ga abin da ake kira kayan yara. A 1988 Isao Takahata ya fitar da Grave of the Fireflies, labarin Seita da ƙanwarsa Setsuko bayan jiragen Amurka sun ƙone birnin Kobe a 1945. Tun a mintunan farko aka nuna mana Seita ya mutu a tashar jirgin ƙasa. An gaya maka ƙarshen, amma ba ka iya tashi. Babu doguwar hudubar tausayi. Gwangwanin alewa ɗaya ne ke ɗauke da labarin: yana cike, ya ragu, ya ƙare, har yarinya ta koma tsotsar duwatsun wasa tana zaton alewa ce. Gwaggonsu da ta takura musu ba mayya ba ce, yunwa ce ta ƙuntata mata zuciya, kuma girman kan Seita na da nasa kason a abin da ya faru. A namu littattafan fa? Kishiyar uwa muguwa ce tun daga shafin farko, ba dalili, ba tarihi, sai boka.

Sai Monster na Naoki Urasawa, mai kashi 74. Likita Tenma, ɗan Japan mai aikin tiyatar ƙwaƙwalwa a Jamus, ya bijire wa umarnin shugaban asibiti, ya ceci yaron da aka fara kawowa da harsashi a kai, magajin gari da aka kawo daga baya ya mutu. Ya yi daidai, ko ba haka ba? Bayan shekara tara ya gano yaron nan ya zama makashi. Tambaya ɗaya ta riƙe labarin gaba ɗaya: shin ran kowa daidai yake da na kowa? Marubuci, wace tambaya ce ta riƙe naka littafin? In amsar ita ce "wa za ta aura?" kawai, da sauran aiki.

Mu koma kan tsofaffin fina-finan. A High and Low na Akira Kurosawa, 1963, attajirin kamfanin takalma ya jinginar da duk abin da ya mallaka don ya karɓe ragamar kamfanin. Sai aka bugo waya, an sace ɗansa, ana neman yen miliyan 30. Nan take ya yarda zai biya. Can sai ga ɗansa ya shigo, ashe ɗan direbansa aka ɗauka bisa kuskure, kuma ɓarawon ya ce kuɗin na nan yadda ya faɗa. Kusan rabin fim ɗin a falo ɗaya aka yi shi. Mu da matsalar garkuwa da mutane ta zame mana ruwan dare, mu nawa ne muka taɓa jefa jaruminmu cikin irin wannan tsaka mai wuya?

Alfred Hitchcock ya taɓa yi wa daraktan Faransa François Truffaut bayani da misalin bam a ƙarƙashin teburi. In ya tashi ba zato, mai kallo ya razana na 'yan daƙiƙu. In kuwa an nuna masa bam ɗin da agogo tun farko, hirar banzar da mutanen ke yi ma sai ta hana shi numfashi. Mu akasin haka muke yi. Sai mu ɓoye komai har shafin ƙarshe, sannan mu ce ashe 'yar aikin nan 'yar sarki ce da aka sace tana jaririya. Ku nemi Rear Window na 1954, mai ɗaukar hoto da karyayyiyar ƙafa yana leƙen maƙwabta ta taga. Ku haɗa da 12 Angry Men na 1957, mutum 12 a ɗaki ɗaya suna gardama kan ran wani matashi. Ba mota, ba gidan bene, ba Dubai.

Za a ce ai ba al'adarmu ba ce, kuma wasu anime ɗin na da tsiraici da abin da ya saɓa wa addini. Gaskiya ne, akwai su, kuma ba mu ce a kwashi kowane tarkace ba. A zaɓa, kamar yadda ake tsince tsakuwa a shinkafa. Amma batun aro, mu tuna Abubakar Imam ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai ya gina Magana Jari Ce, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba na Hausa ba ne. Dabara ya aro, ya ɗinka mata riga irin tamu. Abin kunya shi ne kwafe labarin wani ka sauya sunaye, ba koyon yadda aka gina shi ba.

Masu karatunmu na da waya a hannu, kuma abin da ke gasa da littafinka ba littafin abokinka ba ne, duk abin da ke cikin wayar nan ne. In babinka na farko bai kama su ba, sun wuce.

Aikin wannan makon: ka zaɓi ɗaya cikin waɗannan, ka kalla da biro a hannu. Ka rubuta minti na nawa ne matsala ta fara, da abin da jarumin zai rasa in ya zaɓi dama, da abin da zai rasa in ya zaɓi hagu. Sannan ka buɗe babinka na farko ka yi masa tambayoyin nan. Wanda bai yarda da mu ba, ya kalla tukuna, sannan ya zo mu yi ta.

Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu kaifi.