Kafin ka sauya kwamfuta, ka tambayi littafinka

Maudu'inmu na wannan makon ya ɗan kauce wa salo da jigo, amma ya shafi duk wanda yake da rubutu ajiye a na'ura.

Wani ƙanena a nan Takur ya shekara biyu yana tara kuɗi, ya je Kano ya sayo MacBook ta hannu. Mai shago ya ce masa idan bai saba da ita ba, ai sai a saka mata Windows. Ya dawo Dutse, muka kai ta wurin mai gyara, ya duba ya ce wannan M1 ce, ba ta ɗaukar Windows yadda yake nufi. Littafinsa kuwa mai babi goma sha huɗu yana cikin PageMaker, manhajar da aka tsara masa shi a wani shagon buga takardu. Har yau bai buɗe shi a sabuwar kwamfutar ba.

Mai shagon ba lallai ƙarya ya yi da gangan ba, tsohon labari ya riƙe. A 2006 kamfanin Apple ya koma amfani da ƙwaƙwalwar Intel, irin wadda ke cikin HP da Dell ɗinmu, ya kuma fito da Boot Camp, wadda ke ba mutum damar ɗora Windows a gefe guda. Shekara goma sha huɗu ana haka. A Nuwamban 2020 sai ya fito da tasa ƙwaƙwalwar, M1, wadda aka gina a kan tsarin ARM irin na wayoyin hannu. Kowace ƙwaƙwalwa da yaren da take ji. Manhajar da aka rubuta don Intel sai da tafinta, shi ne Rosetta 2, kuma tafintan nan manhajojin Mac kaɗai yake fassarawa. Boot Camp ta tafi. Abin da ya rage shi ne Parallels da makamantanta, a kunna Windows ta ARM a cikin taga, ita kuwa Parallels kuɗi ake biya, da dala. Kada a manta, Rosetta ta farko ma a 2011 aka cire ta.

Masu Windows kada ku yi dariya. Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana neman ƙwaƙwalwar Intel zubi na takwas zuwa sama. Ku duba laftof ɗin da ke gabanku. Yawancin 'yan gwanjon da muke saye ba su kai nan ba.

Ra'ayina shi ne mun fi damuwa da na'ura fiye da rubutun da ke cikinta, alhali ita 'yar shekara biyar ce ko shida, shi kuwa muna fatan jikoki su karanta. PageMaker tun fitowar ta bakwai a 2001 ba a sake sabuwa ba, amma har gobe muna damƙa mata littattafai. Ga kuma matsalar da ta shafe mu mu kaɗai: tsofaffin nau'o'in haruffan Hausa da suka ɗora ƙ, ɗ da ɓ a kan maɓallan q, x da v. Ranar da ka buɗe fayil a inda babu su, sai ka tarar "ƙasa" ta koma "qasa", "ɗaya" ta koma "xaya".

Wani zai ce ai mai ɗab'i ne ke zaɓen manhaja, ba marubuci ba. Gaskiya ne, ka ba shi abin da yake so. Amma uwar rubutun ta zauna a hannunka, da haruffan Unicode, a fayil ɗin da Word da LibreOffice da wayarka duk za su buɗe, da kwafi a filashi da wani a imel. Mai irin wannan fayil, ko tsohuwar kwamfutarsa ta gaza Windows 11, zai iya ɗora mata Linux Mint kyauta ya ci gaba da aiki.

Shi dai ƙanen nawa, mun samo wata tsohuwar Dell a wurin abokinsa, yana kwafe babi-babi yana gyara ƙugiyoyi da hannu. Jiya ya ce ya kai na shida.