SHARHI: Manhajar Tsara Aiki Da 'Yan Kasuwar Dilimi

A Dilimi da ke cikin birnin Jos, inda masu sayar da kayan gyaran mota da makanikai suka yi sansani, littafin bashi da ƙwaƙwalwar maigida ne suka daɗe suna riƙe da harka. Yanzu da wayar salula ta shiga hannun kowa, manhajojin tsara aiki irin su Trello da Asana da Jira suna iya rage wannan nauyi, amma fa bisa sharaɗi guda: sai mai shago ya sake musu fasali daidai da sana'arsa.

Dalili kuwa shi ne, ba domin kasuwarmu aka ƙera su ba. Jira, alal misali, kamfanin Atlassian na Ostareliya ne ya fitar da ita a 2002 domin masu rubuta manhaja, kuma takan zo da matakan fifiko har biyar. Wanda ya karɓe ta yadda take, zai wayi gari kowane aiki na gaggawa ne, alhali ba a san na farawa ba.

Ya kamata rukunonin aiki su bi hanyar da kuɗi ke bi: odar kaya daga Legas ko Nnewi, bashin da ake bin abokan ciniki, bashin dillalai, motocin da ke jiran gyara, sai haraji da kuɗin haya. Matakan fifiko kuma uku sun wadatar, kuma ma'auninsu ɗaya ne: naira nawa za a yi asara idan aikin ya ƙara kwana?

Da wannan ma'auni, motar haya da ke kwance a gareji ta riga motar da mai ita ke da wata a gida, domin kowace rana direba yana rasa abin kaiwa gida. Haka nan, tun da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa naira mara a watan Yunin 2023, jinkirin odar kayan waje ya zama abin da kan iya cinye ribar wata guda. Sai dai wajibi ne a ƙayyade yawan ayyukan da ke matakin sama, kada girman mai magana ko ƙarfin muryarsa ya tura aiki can.

Saboda haka, muna kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwar Dilimi da hukumar SMEDAN mai kula da ƙananan sana'o'i da su koya wa yaran shago wannan lissafi tukuna, kafin a zo ga latsa waya. Manhaja ba ta san wanda zai yi asara ba, sai an faɗa mata.