Sharhi: Yadda doguwar tafiya zuwa wurin aiki ke hana gefen Abuja samun ma'aikata

Tun kafin a kira sallar asuba, hanyar Keffi zuwa Abuja ta fara cika da motoci. Daga Masaka, Ado da Mararaba a jihar Nasarawa, jama'a na tururuwa zuwa gadar Nyanya, su bi ta Kugbo su faɗa cikin birni. Haka lamarin yake a hanyar Suleja da Zuba, da kuma wadda ta fito daga Gwagwalada. Da yamma kuma sai ayarin ya juya, mutane su koma inda suka fito, da yawansu sai bayan isha'i suke isa gida.

An saba kallon wannan a matsayin matsalar cunkoson ababen hawa kawai. Sai dai akwai wani ɓangare da ba a cika magana a kansa ba, wato abin da wannan zirga-zirga ke jawo wa garuruwa da ƙauyukan da ke gefe. A can ne makarantu da ƙananan asibitoci ke fama da ƙarancin ma'aikata, alhali dubban masu ilimi da sana'a na kwana kusa da su.

Asalin matsalar na komawa ga yadda birnin ya ginu. A shekarar 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta yanke shawarar kafa sabon babban birni, aka kammala babban tsarin gininsa a 1979, sannan gwamnati ta ƙaura daga Legas a hukumance ranar 12 ga Disamba, 1991. Ma'aikatu da manyan ofisoshi sun taru a tsakiyar birni, amma gidajen da ƙaramin ma'aikaci zai iya biya ba su wadatu ba. Rushe-rushen unguwannin da aka gina ba bisa ƙa'ida ba tsakanin 2003 da 2007 ya ƙara tura jama'a waje. Ga kuma al'adar masu gidaje ta neman kuɗin hayar shekara guda, wani lokaci biyu, a dunƙule. Sakamakon haka, aiki ya zauna a wuri guda, masu yin sa suka zauna a wani wurin mai nisa.

Cire tallafin man fetur da Shugaba Bola Tinubu ya sanar ranar 29 ga Mayu, 2023, ya sa wannan nisa ya ƙara tsada. Litar man da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma zarce naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuɗin mota ya bi sahu. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. A ɗauka, a matsayin misali, ma'aikaci na kashe naira 2,000 zuwa da dawowa kowace rana. A kwanaki 22 na aiki, ya kashe naira 44,000 ke nan, kusan kashi biyu cikin uku na wannan albashi, kafin a zo batun abinci da haya da kuɗin makarantar yara.

Wannan lissafi ne ke bayyana ƙarancin ma'aikata a gefe, ta fuskoki biyu.

Ta farko, ƙwararrun da ke zaune a garuruwan gefe ba a nan suke aiki ba. Ma'aikaciyar jinya da ke kwana a Mararaba ko Suleja ta fi son ta jure wahalar hanya ta yi aiki a babban asibiti cikin birni, inda albashi da kayan aiki da damar ƙarin girma suka fi. Haka magini, mai gyaran wuta da direba. Garin da suke kwana ya ɗauki nauyin ruwansu da shararsu da karatun 'ya'yansu, amma ƙarfinsu da basirarsu a wani wuri suke ƙarewa.

Ta biyu kuwa ta shafi waɗanda ake turawa ƙauyuka. Babban Birnin Tarayya na da ƙananan hukumomi shida: Birnin Abuja da Kewaye, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. Uku na ƙarshe na da ƙauyuka masu nisa da hanyoyinsu ke lalacewa da damina. Malamin da aka tura irin wannan wuri, idan babu gidan malamai, babu wuta, babu ruwan sha mai kyau, ba zai kwashe iyalinsa ya koma can ba. Zai zauna a gari, ya riƙa hawa mota sannan ya hau babur. Idan kuɗin hanya ya fi ƙarfinsa, sai ya makara, ko ya rage kwanakin zuwa, ko ya shiga neman a sauya masa wurin aiki. A takarda makarantar na da malamai, a aji kuwa yara na zaune su kaɗai. A ƙaramin asibiti abin ya fi muni, domin naƙuda ba ta jiran gari ya waye, kuma ungozomar da ke kwana a nesa ba ta da amfani ga mai haihuwa da tsakar dare.

Matakan da aka ɗauka zuwa yanzu sun fi taimakon ma'aikacin ofis. A watan Yunin 2023 jihohin Kwara da Edo sun sanar da rage kwanakin zuwa ofis zuwa uku a mako domin sauƙaƙa wa ma'aikata. Amma irin wannan sassauci ba ya aiki ga mai karɓar haihuwa, kuma rage wa malami kwanaki rage wa ɗalibi karatu ne. Jirgin ƙasan cikin birnin Abuja, wanda aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, aka sake ƙaddamar da shi a watan Mayun 2024, yana bi ne daga tsakiyar birni zuwa Idu da filin jirgin sama, da kuma ɓangaren Kubwa. Bai kai Nyanya da Mararaba ba, inda cunkoson ya fi tsanani.

Ba yau aka fara gane bakin zaren ba. A 2009 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin tura ungozomomi zuwa asibitocin karkara, bisa sharaɗin jihohi su ƙara musu alawus, ƙananan hukumomi su ba su masauki. Inda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba, da yawa daga cikinsu sun bar wuraren. Haka kuma a Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba, 2020, gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta yi alƙawarin alawus na musamman da gidaje masu rahusa ga malaman karkara. Abin da ya zama doka a 2022 shi ne ƙara shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki. Tsawaita wa malami shekarun aiki bai kusantar da shi ga makarantar da ke bayan rafi ba.

Darasin a bayyane yake. Ɗaukar sababbin ma'aikata kaɗai ba zai cike gurbin ba, matuƙar wanda aka ɗauka ba zai iya kwana kusa da wurin aikinsa ba. Ana buƙatar gidajen malamai da na ma'aikatan lafiya a jikin makarantu da asibitoci, da alawus na karkara da ake biya a kan lokaci, da fifita 'yan asalin yanki wajen horarwa da ɗauka, domin ɗan gari ba ya neman a sauya masa wuri. Ana kuma buƙatar Hukumar Babban Birnin Tarayya da gwamnatocin Nasarawa da Neja su zauna su tsara sufuri tare, tun da ma'aikacin da ke tsallaka iyakarsu sau biyu a rana bai san da wata iyaka ba.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kowace makaranta da ta wayi gari babu malami ƙarin tsagewa ce, a ƙasar da ke fama da miliyoyin yara marasa zuwa makaranta. Kuɗin gina wa malami ɗaki biyu a ƙauye bai kai asarar ajin da ya shekara ba a koyar da shi ba.