Shin Latin Kaɗai Allah Ke Ji?

Tun da Majalisar Batikan ta Biyu (1962-1965) ta halatta ibada da harshen jama'a, kan Katolika ya rabu. Babban Bishop Marcel Lefebvre ya ce atafau sai tsohuwar ibadar Latin, har ya naɗa bishop huɗu a 1988 ba da izinin Fafaroma ba, aka yanke shi daga Ikilisiya. Magoya bayansa wai tsarki suke karewa. To, da Latin Almasihu ya yi wa'azi? Latin ɗin ma harshen kasuwar Roma ne sa'ad da Jerom ya fassara Littafi Mai Tsarki. Tsohuwar da ke addu'a da Hausa a Kafanchan ta san abin da take faɗa wa Ubangijinta. Wanda ya zubar da fura ya rungumi ƙwarya, da yunwa zai kwana.