Mun Kare Hijabi, Ina Muka Bar Amana?

Mu da muka yi jami'a a inuwar MSSN ba za mu yi mata butulci ba. Ita ta tarbe mu ranar rajista, ta koya mana lissafi kyauta da daddare, ta ba mu abin buɗa-baki lokacin da aljihu ya bushe. A 1954 aka kafa ta a Legas, kuma tana cikin masu ƙarar da ta kai ga hukuncin Kotun Ƙoli na 2022, wanda ya tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Jihar Legas. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Mun taƙaita tarbiyya a kan abin da ido ke gani. Mun auna tsawon hijabi, mun auna tsawon wando, mun harari duk wanda muka gani tsaye da mace a bakin hostel. Sau nawa muka shirya wa'azi a kan satar amsa? A sashenmu na kimiyyar kwamfuta, ɗan'uwan da ba ya rasa sahun farko zai sayi aikin kammala digirinsa, ya canja sunan da ke kai, ya miƙa. Mun sani, mun yi gum. Yau mu ne ke gwada irinsa a wurin ɗaukar aiki: ga takarda, amma layi goma na manhaja sun gagare shi. Alhali Annabi (SAW) ya barranta daga mai algus.

Abin da ya fi ciwo shi ne na 'yan'uwa mata. A 2019 binciken BBC ya fallasa malaman da ke neman ɗalibai da lalata a jami'o'in Legas da Ghana. Mu da muka zauna a aji mun san ɓarnar ba ta tsaya can ba. Sai dai yarinyar da malami ya matsa wa ba ta zuwa wurinmu, domin ta san tambayar farko: wane kaya kika sa? Tsawata wa 'yar aji ɗaya ba ya buƙatar jarumta. Tunkarar wanda ke riƙe da makinka ne ke buƙata.

Ƙannenmu shugabanni, ku sa satar amsa da sayen aiki cikin jadawalin wa'azi. Ku kafa kwamitin mata da zai karɓi koke a asirce, ya raka mai ƙorafi har gaban hukumar makaranta, ko da hijabi ko babu, Musulma ce ko Kirista. Mun gaza a nan. Kada ku gaje mu.