A Daina Ce wa Shila Maroƙin Fada

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, a zamanmu na ƙungiya da ya wuce wani ɗan'uwa ya miƙe ya ce wai Firidirik Shila, mawaƙin nan na Jamus kuma marubucin wasan kwaikwayo, maroƙin fada ne kawai, domin ya ci kuɗin sarakuna har ya karɓi sarauta. Aka yi ta yi masa tafi. Ni ban tafa ba, ga kuwa dalilina.

An haifi Shila a garin Marbak a 1759. Yana ɗan shekara 13 Sarkin Wutambag, Kal Oigen, ya sa aka kai shi makarantarsa ta soja, alhali yaron malamin coci yake so ya zama. Ya fito a 1780 yana likitan soja mai ɗan albashi. A 1782 aka nuna wasansa na farko, watau 'Yan Fashi, a Manhaim. Da ya sake zuwa can ba da izini ba sai sarki ya tsare shi kwana 14, daga baya kuma ya hana shi rubuta kome in ba na aikin likita ba. Shila bai ce ranka ya daɗe ba. A watan Satumba na shekarar ya sulale daga Stutgat da dare, ya bar aiki da iyaye, ya faɗa yawo da bashi. A wasansa Makirci da Soyayya na 1784 ya sa wani bara ya gaya wa ƙwarƙwarar sarki cewa duwatsun adon da aka aiko mata kuɗin samarin ƙasa ne da aka sayar su tafi yaƙi Amurka. Wane maroƙi ne ke faɗin haka?

To, ba zan ɓoye abin da ɗan'uwan nan ya dogara da shi ba. A 1791 ciwo ya kwantar da Shila, sai wasu manyan Denmak biyu suka yanka masa tala 1,000 kowace shekara har shekara uku, ya kuwa karɓa. Ɗayansu, Shimalman, dukiyar gidansu ta fito ne daga gonakin raken da bayi ke nomawa a tsibiran Karibiyan. Wannan tabo ne, ba na wanke shi. Haka kuma a 1802 aka shigar da shi sahun masu sarauta.

Amma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Saboda haka abin dubawa shi ne, shin Shila ya yi askin? A 1804, shekara biyu bayan sarautar, ya fito da Wilham Tel, labarin wani hakimi azzalumi wanda ya kafa hularsa a kan sanda ya ce kowa ya rusuna mata, da maharbin da ya ƙi, daga ƙarshe ya harbe shi. A Waima aka fara nuna shi, watau garin sarkin da ke ba shi albashi. Shila ya rasu a 1805 yana da shekara 45, amma a 1941 sai da Hitila ya sa aka hana nuna wasan. Azzalumi ba ya tsoron waƙar yabo.

Abin da ya sa na damu ke nan. Yawancinmu in mun gama aikin gwamnati za mu nema, ko gidan rediyo ko koyarwa, kuma yanzu ma wasunmu da sukolashif suke karatu. In har cin abincin hukuma shi ke mai da mutum maroƙi, to, masu tafin nan duk maroƙa ne masu jiran gado. In kuwa muka yarda da wannan magana, ranar da muka karɓi albashin farko za mu ce ai an gama da mu, mu ja bakinmu mu yi shiru, mu ce tilas ce. Shila ya nuna ba tilas ba ce.

Don haka ina ƙalubalantar ɗan'uwan nan da ya kawo mana wasa ɗaya tak wanda Shila ya rubuta don wanke azzalumi. In ya kawo, ni zan fara tafi. In kuwa ya kasa, sai mu nemi Wilham Tel mu juya shi da Hausa, mu nuna shi a dandalinmu, kowa ya yi hukunci da idonsa.