Robar da ke Isar da Lantarki: Wane Suna Hausa Za Ta Ba Ta?

Duk mai gyaran wuta a Maraɗi ko Damagaram ya san cewa roba ba ta isar da lantarki, shi ya sa ake naɗe waya da ita. A shekarar 1977 masana uku, Hideki Shirakawa da Alan MacDiarmid da Alan Heeger, suka nuna cewa wannan ƙa'ida tana da togaciya. Sun ɗauki wani sinadari mai suna foli'asitilin, wanda ƙwayoyin kabon ɗinsa ke jere kamar sarƙa, ɗauri guda da ɗauri biyu suna bin juna bi da bi, suka turara shi da aidin. Aidin ya zare wasu elektron daga sarƙar, ya bar gurabe, saura suka samu hanyar tafiya. Ƙarfin isar da lantarkinsa ya ninka sau miliyoyi, kuma a shekarar 2000 aikin ya kai su ga lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai. Daga wannan bincike aka samu fitilun roba, da faifan hasken rana masu lanƙwasuwa, da shafen da ke hana tartsatsin lantarki taruwa a jikin kayan aiki.

Matsalar ɗalibin harshe ta fara ne daga suna. Kalmar «roba» a Hausa ta haɗa tayar mota da bokiti da takalmi, kuma a tunanin jama'a ma'anarta ta ƙunshi kariya daga wuta. Malamin da ya ce wa yara «akwai roba mai isar da lantarki» ya faɗi gaskiya, amma ya rikita darasin da ke tsare rayukansu. Bayan haka, abin da Turawa ke kira da kalmar Girkanci mai nufin «sassa da yawa» ya fi roba faɗi: zaren auduga da ƙaro duk suna cikin wannan aji, alhali babu Bahaushen da zai kira su roba.

Don haka aro ya fi dacewa a nan. A ce «folima», a bayyana ta da cewa doguwar sarƙa ce ta ƙananan ƙwayoyi masu maimaita juna, sannan a kira sabon nau'in «folima mai isar da lantarki». Masu ƙyamar aro za su ce ƙirƙira ta fi mutunta harshe. Sai dai Hausa ta ari «lantarki» kanta, ta kuma narkar da ita har babu mai jin baƙuncinta. Haɗarin gaske shi ne rabuwar aro, yadda Nijar ke cewa «bik» Nijeriya na cewa «biro». Idan wannan gefe ya ɗauko lafazin Faransanci, wancan ya ɗauko na Ingilishi, littafin kimiyya ɗaya ba zai karantu a Tawa da Kano ba.

Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, wannan aiki ya zama wajibi. Jami'ar Yamai tana ɗauke da sunan Abdou Moumouni, masanin makamashin rana wanda ya yi kira da a koyar da yaran Afirka cikin harsunansu. Abin da ya rage shi ne sashen harsuna da na sinadarai su zauna tare, su tuntuɓi takwarorinsu na Kano da Zariya, su tsayar da kalma ɗaya kafin a buga littattafan makaranta.